Zugazugin Inji da Hanyar Anka zuwa Gummi

Idan maƙeri yana son ƙarfe ya yi laushi, ba gawayi yake fara ƙarawa ba. Yaronsa yake ce wa ya ƙara zuga. Gawayin shi ne dai na ɗazu, murhun ma shi ne, amma da zarar zugazugi ya tura iska cikin wutar sai ta tashi daga ja ta koma fari, ƙarfen da ya ƙi jin guduma ya soma lanƙwasa. Wannan ilimi ya tsufa a maƙerun Zamfara, kuma shi ne dukkan sirrin na'urar nan da ake kira sufacaja, wadda samarinmu ke kallo a TikTok da YouTube ana ɗora ta bisa injin motar tsere, a tayar da ita tana kuwwa, taya na fitar da farin hayaƙi. A nan zan kira ta zugazugin inji, don ban ga sunan da ya fi dacewa da aikinta ba, kuma kunnen mutumin Zugu ba zai ji shi baƙo ba.

Tambayar da wannan kallo ke haifarwa ɗaya ce: za a iya ɗora irin wannan na'ura a kan injin Golf ko Camry ko Honda da muke hawa a nan? Za a iya, kuma motar za ta ƙara ƙarfi da gaske, babu ƙarya a ciki. Sai dai a ganina duk wanda ya yi haka a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya sayi wahala da kuɗinsa. Dalilan kuwa sun fi na'urar kanta amfani ga mai karatu, domin su ne ke kashe injunan da ba a ɗora musu komai ba, tun daga na motar haya har zuwa injin ban ruwa a fadamar Gulbin Zamfara.

Mun saba cewa mota tana shan mai, ba mu cewa tana shan iska, alhali iskar ce babban abincinta. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus sai ya gamu da iska mai nauyinsa sau 14.7. Idan aka mayar da lissafin zuwa abin da ido ke gani, lita ɗaya ta fetur tana neman iska kusan lita 9,000, wato cikin duro 45 na lita 200. Kai mai cikin inji ba wuya, ƙaramin famfo ya wadatar. Shigar da iskar ce aiki. A injin da ba a taimaka masa ba, fistin ne ke sauka ya bar gurbi, nauyin iskar duniya ya tura ta ciki, kamar yadda huhun mutum ke yi. Inji mai lita 2 ba ya haɗiyar fiye da kimanin lita 2 a kowane juyi biyu na karanshaf, ko da direba ya nutsar da totur har ƙasa. Wanda ya ƙara mai bai ƙara iska ba, baƙin hayaƙi zai samu da fulogi mai dauɗa.

Saboda haka mai neman ƙarin ƙarfi ko dai ya girmama injin, ko ya sa shi juyi da sauri fiye da da, ko kuma ya danna iskar ta yi kauri kafin ta shiga, yadda mai awo ke danna gari a kwano. Wannan ta ƙarshe ita ce aikin zugazugin inji da ɗan'uwansa turbo. Bambancinsu a wurin da suke samun ƙarfin juyawa ne. Turbo hayaƙin da ke fita ne ke juya shi, abin da dama asara za a yi. Shi ya sa yake da tsimi, amma yakan ɗan yi nawa kafin ya amsa. Zugazugi kuwa bel ne ke jan sa kai tsaye daga karanshaf, yana amsawa da zarar an taɓa totur, amma daga cikin ƙarfin injin yake cin ladarsa. Idan aka danna iska da rabin nauyin iskar duniya, a takarda an ƙara wa injin kashi 50 cikin 100 na numfashi. A kan hanya, bayan na'urar ta ci rabonta zafi ma ya ci nasa, abin da ya saba ragewa kashi 30 zuwa 40 ne.

Kwatancen da na yi da maƙera ba adon magana ba ne. Irin zugazugin da ya fi daɗewa a motoci, wasu 'yan'uwa biyu ne a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi masa rajista a 1860, kuma aikin da aka fi sa shi a lokacin shi ne hura wutar narka ƙarfe da tura iska cikin ramukan haƙar ma'adinai. Sai daga baya ya hau mota. Kamfanin Mercedes ya nuna motocinsa na farko masu ɗauke da shi a baje kolin Balin a 1921, jiragen yaƙi kuma suka dogara da shi don su sami numfashi a can sama inda iska ba ta da kauri. Turbo ma ba sabo ba ne: Alfred Büchi na Siwizalan ya yi masa rajista tun 1905.

Labarin da ya fi kama da namu a Ingila ya faru. A 1929 wani matuƙin tsere mai suna Tim Birkin ya dage sai an ɗora zugazugi a kan injin Bentley mai lita huɗu da rabi. Wanda ya kafa kamfanin, W. O. Bentley, bai so ba. Shi a ganinsa mai son ƙarfi ya gina babban inji tun daga tushe. Aka yi abin da Birkin ke so, motar ta fito da gudu na ban mamaki, har yau masu kuɗi na rububin sayenta. Amma a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1930, motoci biyu masu zugazugi da suka shiga duk sun mutu kafin a gama, wadda ta ci kuwa Bentley ce mai lita shida da rabi da ba a ɗora mata komai ba. Motar Birkin ba ta taɓa cin wannan tsere ba. Tseren awa 24 ba gwajin gudu ba ne kawai, gwajin jimiri ne, kuma motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Gummi da Gusau kullum ranar Allah irin wannan tseren take yi.

Kada a fahimce ni baibai: inji mai zugazugi yana iya yin ƙarko. Amma a duba abin da masu ƙera shi ke yi kafin su yarda su sayar. A 2014 kamfanin Dodge ya fito da Challenger Hellcat, mai inji lita 6.2 da ƙarfin doki 707. 'Yar'uwarta da ba ta da zugazugi, mai lita 6.4, doki 485 ke gare ta. Kafin a kai ga wannan tazara sai da aka rage matsin da fistin ke yi wa iska daga ninki 10.9 zuwa 9.5, aka ƙarfafa fistin da karanshaf, aka sa na'urorin sanyaya iska, aka girmama famfon mai da birki. Zugazugin kansa yana cinye kusan doki 80 kafin ya ba da komai, wato kusan ƙarfin injin Golf guda. Idan kuma aka danne totur ba a ɗaga ba, tankinta mai lita 70 yana iya ƙarewa cikin kimanin minti 13. A farashin da fetur ya kai a ƙarshen 2024, lokacin da lita ta haura naira 1,000, naira 70,000 ke nan kafin a gama shan shayi. Wanda ya ga motar a bidiyo na'ura ɗaya ya gani a saman inji; bai ga an sake gina duk abin da ke ƙarƙashinta ba.

To, mu dawo gida mu ɗauki Golf 3, wadda aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, mai inji lita 1.8 da doki 90 a ranar da ta bar masana'anta. Yau ta doshi shekara 30 ko ta haura. Ta gama yi wa Bature hidima, ta haye teku, ta shigo ta Kwatano ko Legas, ta ɗauki mutum biyu a kujerar gaba da huɗu a baya da buhuna a but, wani lokaci har da yaro a kan buhunan. Ringinta ya ci, bawul ba ya rufewa ruf, gaskit an canja shi ba sau ɗaya ba. Wannan ne injin da za a ce ya ɗauki ƙarin matsi.

Abokin gaba na farko zafi ne, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi. Duk iskar da aka danna sai ta yi zafi. Wanda ya taɓa riƙe famfon keke bayan an buga taya ya san haka. A sanyin Turai, inda iskar waje take digiri 15, zugazugi irin na Roots mai matsakaicin matsi zai fitar da ita a wajen digiri 75. A Gummi cikin Afrilu, da rana tsaka, iskar da ke shiga tana iya kai digiri 42, wadda ke fita kuwa ta haura 100, zafin tafasar ruwa. Tun kafin a danna ta ma, iskar digiri 42 ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa direbobi ke cewa mota ta fi jin daɗin tafiyar asuba, kuma gaskiyarsu ce. Maganin wannan zafi shi ne intakula, ɗan lagireto da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji. Amma intakula da iskar waje yake sanyayawa, iskar wajen kuwa ita ce dai mai digiri 42 ɗin. A daɗa da cewa a cikin ƙarfin da ke cikin fetur kusan kashi ɗaya bisa uku ne kaɗai ke zama tafiya. Sauran zafi ne da salansa da lagireto ke fitarwa. Wanda ya ƙara ƙarfi da kashi 40 ya ƙara wa lagireto aiki kusan gwargwadon haka, lagireton da dama a cunkoson kasuwa da kyar yake riƙe ruwansa.

Zafin nan shi ke buɗe ƙofa ga abin da ya fi shi muni. A bakin makanikanmu, idan aka ce inji ya yi nokin ana nufin ya buga, sai dai a sauke shi. A asalinta kalmar tana nufin wani abu da ke faruwa tun kafin haka. Yadda ya kamata, fulogi ne ke kunna cakuɗen mai da iska, wutar ta bazu a hankali tana tura fistin ƙasa. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso, ya daki kan fistin kamar guduma. Direba yakan ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da lodi. A injin da ba a danna masa iska ba, wannan ƙara na iya ɗaukar watanni tana ɓarna a hankali. A injin da aka ɗora wa zugazugi, tana iya fasa fistin ko ƙone gaskit a tafiya ɗaya.

Abin da ke hana wannan fashewa shi ne juriyar fetur, wadda ake aunawa da lambar okten. A Turai fetur na kowa da kowa 95 ne, mai tsada 98. Namu a Nijeriya iri ɗaya ne a kowane famfo, lambarsa wajen 91, babu zaɓi ko kana da kuɗi. A nan akwai wani ramin da masu kallon bidiyon Amurka ke faɗawa. Za su ji an ce na'urar tana buƙatar fetur mai lamba 91, su ce ai namu ke nan. Ba shi ba ne. Ma'aunin Amurka daban yake. 91 nasu ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin da mu da Turai ke amfani da shi. Ke nan ko fetur ɗinmu mafi tsabta bai kai abin da aka ƙera na'urar dominsa ba.

Wannan kuwa idan mai tsabtar aka samu. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma da kanta ta tabbatar an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, masu motoci a birane suka yi ta kukan lalacewar inji. A yankinmu ga ƙarin wata matsala. A Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle, a ƙoƙarin yanke wa 'yan bindiga hanyar samun mai, ta taƙaita sayar da fetur ga Gusau da hedikwatar ƙananan hukumomi, ta hana sayarwa a jarka, ta kuma ƙayyade wa kowane mai saye naira 10,000. Da doka ko ba doka, wanda ya yi nisa da babban gari ya san mansa daga hannun 'yan bumburutu yake fitowa, a galan ko a kwalba, ya sha rana, ya sha ƙura, ba wanda ya auna shi. Tsohon inji mai sauƙin matsi yana yafe wannan. Inji mai zugazugi ba ya yafiya.

Ƙura ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya yi hunturu a nan. Inji mai lita 2 da ke juyi 3,000 a minti, totur a buɗe, yana jan iska kusan lita 3,000 a minti guda. Da zugazugi ta doshi 4,500. Duk ƙurar da ke cikinta filta ce za ta tare, wadda ta tsallake kuwa ta zama yashin goge silinda. Fikafikan da ke juyawa cikin na'urar tsakaninsu bai kai kaurin milimita ɗaya ba.

Akwai wata hujja da ba zan raina ba, domin masu kawo ta ba 'yan wasa ba ne. Direban da ke bin hanyar Mayanchi zuwa Anka, ko Anka zuwa Daki Takwas har Gummi, zai gaya maka a zamanin nan gudu ne kariyarsa. An tare mutane a hanyoyin nan, an shiga daji da su, wasu ba su dawo ba. Wanda ke ɗauke da rayuka a irin wannan hanya, in ya ce yana son motar da za ta amsa masa idan ya taka ta, ba a ce masa mai son burga. Kuma gaskiya ne ƙarin ƙarfi yana gajarta lokacin da mota ke ɗauka a hannun da ba nata ba idan za ta wuce tirela.

Amma lissafin bai goyi bayan sauran hujjar ba. Turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, ta yadda ƙarin ƙarfi na kashi 40 ba ya ƙara iyakar gudu sai da kusan kashi 12. Iyakar gudun nan kuwa dama ba inji ne ke tsayar da ita a hanyoyinmu ba: ramuka ne, da shanu, da kwana, da tayar da aka saya ta hannu. A tafiyar kilomita 100, wadda ba ta yi nisa da tazarar Anka da Gummi ba, wanda ya tashi daga gudun 100 zuwa 120 minti 10 ya rage. Abin da ya biya shi ne, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ƙaru da kashi 44. A gudun 140 ya kusan ninkawa. Zugazugi ba ya taɓa birki ko taya ko shakazoba. Yadda ya same su haka yake barin su. Ba banza ba hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta soma tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a Fabrairun 2017, ko da yake kowa ya san iyakar inda tilascin ya kai.

Sannan masu tare hanya ba tsere suke yi da mota ba. Galibi wurin da dole a rage gudu suke zaɓa, ko su datse hanyar gaba ɗaya, inda doki 90 da doki 130 duk ɗaya ne. Abin da ya fi zama barazana ga direba da fasinjansa shi ne mota ta mutu a tsakiyar daji bayan la'asar, ruwa na tafasa, ana jiran ta huce. Duk gyaran da zai ƙara yiwuwar haka, ko da ya ƙara gudu, ya rage tsaro. Sauri kan haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a nan nawar ba ta ɓata lokaci ce kaɗai ba.

Wani abin lura shi ne, zugazugin inji ya daɗe da shigowa Arewa ba tare da yawancinmu sun san sunansa ba. Kalmar Kompressor da ke rubuce a bayan Marsandi C200 da C230 na shekarun 2000 ba ado ba ce, shi ne. Da shi injin lita 1.8 ke ba da doki 163. Haka ma Range Rover mai lita 5 da manyan 'yan siyasa ke hawa, wasunsu da shi suka zo. Waɗannan an ƙera su tare da shi tun daga farko, suna da na'urar da ke sauraron ƙarar nokin ta sanar da kwamfutar motar ta ja da baya, don haka suna rayuwa da fetur ɗinmu, sai dai ba sa ba da cikakken ƙarfin da aka rubuta musu. Wanda ransa ya biya da irin wannan amsawa, ya sayi wadda aka haifa da ita. Ya fi masa araha nesa ba kusa ba a kan kayan ɗorawa na kirki, da a Amurka ma kuɗinsu ke farawa daga dala dubbai, ban da jigila da kwastan da mai saita kwamfutar. 'Yar fankar lantarkin nan da ake tallatawa a intanet da sunan turbo mai araha kuwa, ba ta iya danna iska ko kaɗan. Wata ma tare hanyar iskar take yi. Ajinta ɗaya da fasa salansar babur: ƙara ta ƙaru, gudu yana nan inda yake.

Ga inda nake ganin ainihin maganar take. Yayin da samari ke mafarkin ƙara wa inji abin da ba shi da shi, garejinmu ya shagala da cire masa abin da ya zo da shi. Mota ta sauka daga Kwatano, abu na farko a cire tamastat, wai na ƙasar sanyi ne. A haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. A fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, a sayar da cikinta. A zubar da ruwan lagireto mai magani a ɗura na rijiya. Filtar iska ta toshe, a kaɗe ta a jikin taya a mayar, ko a yar da ita gaba ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uzurin da ya haife shi, galibi tsadar kayan gyara da yawan jabu, kuma ban ɗora wa bakanike laifin talaucin mai mota ba. Amma sakamakon a fili yake. Injin da ba shi da tamastat ba ya kai zafin aikinsa da safiyar hunturu, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyi yake ji, ta yi ta ƙara masa mai. A wasu injunan ma cire shi yana barin wata 'yar hanya a buɗe, ruwan zafi ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, abin da ake gudu ya auku. Ruwan rijiya yana kawo tsatsa da gishiri su toshe lagireton. Murfin lagireto da ya saki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ke sauko da tafasar ruwa daga wajen digiri 120 zuwa 100.

Wato mafi yawan motocin da ke tashoshin Anka da Gummi ba ƙarin doki suke nema ba. Dawakinsu na asali ne suka ɓace a hanya, ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar filta ta gaskiya, fulogin da ya dace, nozul mai tsabta, bawul da aka saita, lagireton da aka wanke, baƙin mai a kan kari, tayar da aka buga daidai: waɗannan za su dawo da wani kaso mai kauri na abin da ya ɓace, su rage shan mai maimakon su ƙara. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, kowace lita da ta fita a baƙin hayaƙi daga tuwon gidan direba aka ɗebe ta.

Motar da ta fi kowace suna a ƙasar nan ma ba da ƙarfi ta yi sunan ba. Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, injinta na yau da kullum bai kai doki 100 ba. A wannan shekara ta 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, a kan laka da duwatsu. Doguwar ƙafa gare ta, da ƙashin baya mai jure duka, da injin da bakanike zai buɗe a gindin bishiya ya rufe kafin magariba. Dattawan direbobi ba gudunta suke tunawa ba, dawowarta gida suke tunawa.

Duk da haka ba na cikin masu yi wa yaron da ke kallon bidiyon nan tsawa. Yaron da ya tsaya yana tambayar me ya sa wannan inji ya fi wancan ƙarfi ya kama bakin zaren ilimin injiniya, kuma irinsa muke da ƙaranci. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Ditiroit, da son zanen motoci ya fara, ya kai ga zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017. Abin da ya kamata shi ne a juya sha'awar daga ƙara zuwa awo. Muna da kwalejin Abdu Gusau a Talatar Mafara da ta tarayya a Kauran Namoda. Da za su riƙa kiran shugabannin gareji na ƙananan hukumomin nan zuwa gajeren horo na mako ɗaya ko biyu, a koya musu awon matsin silinda, da karanta na'urar gano cutar mota, da dalilin da ya sa tamastat yake wurin, da an ceci injuna fiye da yadda kowace doka za ta ceta. Ma'aunin matsin silinda ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. Da wuya ka gan shi a gareji, alhali shi ke faɗa maka a minti goma ko injin da za ka saya yana da sauran rai.

Inda danna iska ya yi mana rana da gaske, a manyan motoci ne. Kusan kowace DAF da MAN da Howo da ke kwasar hatsi da dabbobi daga kasuwannin yankin nan turbo gare ta. Injin gas ba ya tsoron irin fashewar da ke kashe na fetur, domin iska zalla yake dannawa, man sai a ƙarshe ake fesa shi. Don haka yana karɓar ƙarin iska hannu biyu, ya ja lodi mai nauyi da mai kaɗan. Amma shi ma yana da haƙƙinsa. Turbo yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, kuma baƙin man inji ne ke sanyaya sandarsa yana hana ta cin jiki. Direban da ya taho da lodi tun daga Zuru, ya iso Daki Takwas ya kashe mota nan take don ya riski jam'i, ya yanke wa sandar mai alhali tana da zafi; man da ya rage a kanta ya ƙone ya zama gawayi. Bayan wasu watanni sai a ga shuɗin hayaƙi, a ce turbo ba ya ƙarko a ƙasar zafi, wani ma ya ba da shawarar a toshe shi. Abin da ake bukata bai wuce a bar injin yana aiki a tsaye minti biyu ko uku kafin a murɗa makulli ba, kwatankwacin lokacin da yaron mota ke ɗauka ya sauko ya sa wa taya waigi.